Giwar Chrysler: Tarihin Injin Hemi da Masu Ƙara Masa Ƙarfi a Filin Tsere

A watan Yunin 2014 aka yi wani gwanjon motoci a birnin Seattle na ƙasar Amurka, inda kamfanin Mecum ya sayar da wata tsohuwar mota ƙirar Plymouth Barracuda ta shekarar 1971 a kan dala miliyan 3.5. Motar ta haura shekara 40 a duniya, ba ta da na'urar sanyaya ciki, shan manta kuwa sai mai aljihu. Abu biyu ne suka kai ta wannan kuɗi. Na farko, irinta masu buɗaɗɗen rufi da ke ɗauke da injin Hemi ba su wuce 12 da aka ƙera a wannan shekarar ba. Na biyu, injin da ke cikinta shi ne ainihin wanda aka ɗaura mata tun daga kamfani, lambarsa ta yi daidai da lambar motar.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin mamaki don mota ta zauna da injinta? Amsar ita ce tarihin da za mu bi. Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi irin waɗannan motoci sababbi, ba don zuwa ofis suka saye su ba. A ƙarshen mako sukan kai su filin tsere, su kwance wannan su ɗaura wancan, su yi ta neman ƙarin ƙarfi har injin ya buga. Kuma duk lokacin da aka samu ƙarfin, sai wani abu ya biya kuɗinsa: wani lokaci ƙarfe, wani lokaci aljihu, wani lokaci ran mutum.

YADDA TSEREN YA FARO

Tseren da ake magana a kai shi ne wanda Amurkawa ke kira dirag. Ba zagaye ake yi ba, babu kwana a cikinsa. Motoci biyu ne ke tsayawa gefe da gefe, a ba su alama, su fizga a miƙe har tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Duk abin da mutum ya kwashe watanni yana yi a gareji, cikin 'yan daƙiƙoƙi ake gane gaskiyarsa.

Asalin abin daga kudancin Kalifoniya ne. Tun a shekarun 1930 samari ke kai motocin Ford busassun tafkunan hamadar Mojave, irin su Muroc, suna gwada gudu. Injin V8 da Ford ya fitar a 1932, mai ƙarfin doki 65, shi ne jakin kowa, domin yana da araha kuma yana karɓar gyara. A kansa mutane irin su Vic Edelbrock da Ed Iskenderian suka goge: na farko ya shahara da ƙera bututun da ke kai iska da mai cikin inji, na biyu da sassaƙa kamshaf. Har yau sunayensu na kan kayan gyaran da ake sayarwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suka dawo gida da ilimin kanikanci da 'yan kuɗi a hannu, sai tsere ya dawo kan titunan gari cikin dare. Aka yi ta asarar rayuka, 'yan sanda da jaridu suka sa masu wannan harka a gaba. Mafitar da aka samu ita ce a ware musu wuri. A 1950 C.J. Hart ya buɗe filin tsere da ake biya a shiga, a kan wani titin saukar jiragen sama da ke Santa Ana. A 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda ta tsara dokoki ta kuma kasa motoci rukuni-rukuni. Gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya a Great Bend ta jihar Kansas aka yi ta a 1955. Daga nan cika baki ya ƙare, agogo ya zama alƙali.

INJI NUMFASHI NE

Duk bakaniken da ya taɓa buɗe inji ya san aikinsa huɗu ne: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, fulogi ya kunna wuta, ya fitar da hayaƙi. Ƙara mai abu ne mai sauƙi, amma mai ba ya ci sai da iska. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska kusan kilo 15 kafin ya ƙone sarai. Saboda haka duk wani gyaran neman ƙarfi magana ɗaya yake yi: yaya za a yi inji ya shaƙi iska da yawa, ya matse ta da kyau, ya fitar da hayaƙin da sauri?

A nan ne injin Hemi ya bambanta. A yawancin injunan V8 na wancan zamani, bawul ɗin shaƙa da na fitar da hayaƙi a jere suke, sai iska ta yi kwana kafin ta shiga silinda. Shi kuwa Hemi, rufin ɗakin da wuta ke ci a saman fistin kamar ƙwarya ce aka kife, daga wannan siffa ma sunan ya samo asali. Bawul ɗin biyu suna fuskantar juna, fulogi yana tsakiya. Wannan ya ba da damar sa manyan bawul, iska ta shigo ta gefe guda, hayaƙi ya fice ta ɗaya gefen kusan a miƙe, wuta kuma ta bazu daidai ta ko'ina.

Sai dai kan silindar Hemi faɗi gare shi da nauyi, ƙarafan da ke danna bawul sai an yi musu layi biyu a kowane kai maimakon ɗaya, fistin ɗinsa ma sai an yi masa tozo kafin matsi ya yi yawa. Chrysler ya fitar da shi a 1951 da sunan FirePower, girmansa 331 a ma'aunin Amurka na inci, ƙarfinsa doki 180. Ya girma zuwa 354, sannan 392 a 1957. Bayan 1958 kamfanin ya daina ƙera shi saboda tsada, ya koma wa inji mai sauƙin ƙira.

DAGA WURIN 'YAN GWANGWAN

Abin da kamfani ya yar, masu tsere suka tsince. Manyan motocin Chrysler da suka yi haɗari ko suka tsufa, sai a bi su wurin 'yan gwangwan a ciro injin a kan kuɗi kaɗan. A kansa sai a ɗora wata na'ura mai cusa iska, wadda aka ciro daga injin dizal na GMC samfurin 6-71. Maimakon inji ya jira iska ta shigo, sai a ɗura masa ita. Wasu kuma suka bar fetur suka koma wani sinadari mai suna naitirometen, wanda ke ɗauke da oksijin a jikinsa, don haka inji kan iya ƙona shi da yawa fiye da fetur. Ƙarfin da ya bayar ya tsorata NHRA har ta haramta shi daga 1957 zuwa 1963. Don Garlits na jihar Fulorida, wanda ya fi kowa suna a wannan fage, da injin 392 ya haura gudun mil 200 a awa, wato kilomita 322, a 1964.

A cikin kamfanin Chrysler kansa akwai wasu matasan injiniyoyi da abin ya shiga ransu. A ƙarshen shekarun 1950 suka kafa ƙungiya mai suna Ramchargers, da rana suna aikin kamfani, da dare suna haɗa motar tsere da kuɗin aljihunsu. Motarsu ta farko tsohuwar Plymouth ce ta 1949 da suka kira High and Mighty. Kafiretocinta a saman wasu dogayen bututu suke, sun yi tsiri can sama. Siffar ta ba mutane dariya, amma akwai lissafi a ciki: idan tsawon bututu ya dace da gudun inji, iskar da ke kai-komo a cikinsa takan isa bakin bawul da ƙarfi daidai lokacin da yake shirin rufewa, sai silinda ta samu ƙari kyauta. Ɗaya daga cikin matasan shi ne Tom Hoover, wanda daga baya aka riƙa kiransa uban Hemi 426.

Lokaci kuwa ya zo musu daidai. A farkon shekarun 1960 kamfanonin birnin Detroit sun gano cewa motar da ta ci tsere ranar Lahadi, ita samari ke nema ranar Litinin. A 1964 Pontiac ya ɗauki babban inji mai girman 389 ya sa a matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO, ya sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. Daga nan aka shiga zamanin motoci masu ƙwanji: jiki matsakaici, ƙaton inji, da farashin da ma'aikaci zai iya biya.

HAIHUWAR GIWA

A 1963 shugabannin Chrysler suka ba da umarnin a ƙera injin da zai ci Daytona 500 ta shekara mai zuwa, wato babbar gasar tseren zagaye ta ƙungiyar NASCAR. Hoover da abokan aikinsa suka ɗauki bulok ɗin injin 426 da ake da shi, suka ƙarfafa shi, suka ɗora masa sabon kai irin na Hemi. Girmansa lita 7 ne. Don a gane, injin fetur na Peugeot 504 da muka sani bai wuce lita 2 ba. Girmansa da nauyinsa suka sa aka laƙaba masa suna giwa.

Tun kafin ya fita ya koya wa masu shi darasi. Ana saura makonni a yi gasar, sai aka ga bangon silinda yana tsagewa a wurin gwaji: kai ya ba da ƙarfin da jiki ba zai iya ɗauka ba. Aka koma maƙerar kamfanin da ke Indianapolis aka zuba sabbin bulok masu kauri, aka kai su Fulorida ana gab da tsere. Ranar 23 ga Fabrairun 1964 motocin Hemi suka zo na ɗaya, na biyu da na uku, Richard Petty a gaba.

NASCAR ta ce ba ta yarda ba, injin da ba a sayar wa jama'a a mota ba zai shiga gasar 1965 ba. Chrysler ya janye, Petty ya koma tseren dirag da wata Barracuda mai ɗauke da giwar. A ƙarshen Fabrairun 1965, a wani fili da ke garin Dallas na jihar Jojiya, wani ƙarfe ya karye a ƙafar motar ta gaba, ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo. Yaro ɗan shekara 8 ya rasu, wasu suka ji rauni. Gudun motoci ya riga ya wuce abin da shingen filayen wancan lokaci zai iya tarewa.

A wannan shekarar dai injiniyoyin Chrysler suka tunkari wata matsalar. Ƙarfi ba shi da amfani idan taya tana murzawa a wuri ɗaya tana hayaƙi. Sai suka ɗauki wasu 'yan motocin Dodge da Plymouth, suka matso da tayoyin baya gaba da inci 15, na gaba kuma da inci 10, don nauyi ya koma kan tayoyin baya. Motocin suka fita da wata siffa mai ban dariya, daga nan ma rukunin da ake kira Funny Car ya samo sunansa.

Don cika sharaɗin NASCAR, a 1966 aka fara sayar da Hemi na kan titi. Na tsere yana matse iska ninki 12.5, sai aka rage wa na titi zuwa 10.25 don ya iya shan man gidan mai, aka sa masa kamshaf mai sauƙin kai da kafireta biyu masu baki huɗu-huɗu. A takarda an rubuta doki 425, ko da yake masu harkar da dama sun ce ya fi haka. Yadda ya fito daga shago, yakan cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 13 zuwa 14. Mai saye kuwa ya san abin da aka rage, don haka aikinsa na farko shi ne ya mayar da shi: ya cire salansar kamfani ya sa bututun hayaƙi huɗu a kowane gefe masu tsawo ɗaya, ya canza jet ɗin kafireta, ya gyara lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya sa kamshaf mai barin bawul ya daɗe a buɗe, ya sauya haƙoran aksil na baya, ya ɗaura faffaɗan tayoyi marasa zane. Da wannan mota kan sauko daƙiƙa 11 zuwa 12.

MOTAR DA AKA GYARA DA GUDUMA

Ƙololuwar wannan zamani ita ce 1968. Chrysler ya yanke shawarar sa giwa a cikin ƙananan motocinsa, Dodge Dart da Plymouth Barracuda, don rukunin Super Stock, inda doka ta ce sai motar da kamfani ya ƙera ya sayar. Aka ba kamfanin Hurst da ke jihar Mishigan aikin haɗawa: Dart kimanin 80, Barracuda kimanin 70. Injin ya fi ƙarfin ɗakinsa, sai da aka sa guduma aka doddoke ƙarfen da ke riƙe shokazoba ta dama kafin ya zauna.

Duk abin da ba ya ƙara gudu aka yar da shi. Babu kujerar baya, babu rediyo, babu na'urar ɗumama ciki. Kujerun gaba na ƙaramar motar ɗaukar kaya ce ta Dodge A100. Bonet da madigadin gaba na faiba ne, ƙofofi an tsoma su cikin asid don ƙarfen ya sirance, gilashin gefe siriri ne da ake ɗagawa da maɗauri maimakon abin murzawa. Batir an mayar da shi but don ya danne tayoyin baya. Ko fenti ba a gama musu ba, da fentin ƙasa ruwan toka aka miƙa su. An kuma sanar da mai saye a rubuce cewa babu garanti, kuma ba don titi aka yi ta ba. A hannun direbobi irin su Ronnie Sox da Dick Landy, waɗannan motoci suka riƙa yin daƙiƙa 10 da 'yan kai.

Abin sha'awa a wannan rukuni shi ne yadda doka ta ɗaure hannun bakanike. Kafireta, girman bawul da faɗin ɗakin wuta dole su tsaya a kan awon da kamfani ya rubuta, kuma wanda ya ci gasa akan kwance injinsa a gaban alƙalai a auna. Tunda ba damar sa babban kaya, sai gwaninta ta koma ga awo. Kamfanin da ke ƙera inji dubbai yakan bar ɗan bambanci, wannan fistin ya fi wancan nauyi kaɗan, wannan ɗakin wuta ya fi wancan faɗi kaɗan. Mai tsere sai ya wargaza injin gaba ɗaya, ya ɗora kowane fistin da kwanrod a sikeli har nauyinsu ya zo ɗaya, ya daidaita ɗakunan wuta takwas, ya kai kowane awo iyakar abin da doka ta yarda. Ido ba zai ga abin da ya canza ba, amma agogo yana gani. Har yau ana tseren waɗannan motoci na 1968 a gasar U.S. Nationals da ke Indianapolis, kuma sun sauko cikin daƙiƙa 8.

KASUWA TA WATSE

Shekarar 1970 ta zo da gargaɗi. A watan Maris, a filin Lions da ke kusa da Long Beach, giyar motar Don Garlits ta tarwatse yana tashi, ta raba motar biyu, ta tafi da wani ɓangare na ƙafarsa ta dama. A wancan lokaci direban irin wannan mota a bayan inji yake zama, giya tana dab da ƙafafunsa. Yana jinya ya tsara motar da inji ke bayan direba, ya ci gasar Winternationals da ita a 1971, cikin ɗan lokaci kowa ya bi sahu.

A wajen fili ma abubuwa sun fara juyawa. Kamfanonin inshora suka ƙirga haɗurran samari, suka tsawwala kuɗi a kan duk motar da ke da babban inji. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, aka kuma fara shirin cire dalma daga fetur, alhali dalmar ce ke ba mai damar jure matsi mai yawa. General Motors ya rage matsin injunansa a 1971. Shi Hemi dama tsada gare shi, ƙarin kusan dala 900 ne a kan motar da kuɗinta ya ɗan haura dala 3,000. Bayan 1971 Chrysler ya daina sa shi a motocin titi. Duk waɗanda aka sayar cikin shekara 6 kimanin 10,000 ne.

Sai ga rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu. Tsadar da ta sa Amurkawa suka yi layi a gidajen mai, suna neman kai da motocinsu masu ƙwanji a kan kuɗi kaɗan, ita ce ta cika baitulmalin Najeriya. A cikin wannan yalwa aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Legas a 1975. Mu dai a lokacin gaba ta kai mu, gobarar Titi.

Giwar ba ta mutu ba, gida ta sauya. Ƙananan maƙera suka karɓi aikin. Ed Donovan ya zuba bulok na alminiyam a kan tsarin 392 a 1971, Keith Black ya yi nasa a kan tsarin 426 a 1974. Alminiyam bai kai ƙarfe nauyi ba, kuma idan kwanrod ya fasa shi ana iya yi masa walda. Motocin Top Fuel na yau, masu ƙarfin doki kimanin 11,000, har yanzu a kan tsarin Hemi 426 injinsu yake. Gudunsu ya haura kilomita 530 a awa, kuma tun bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008 aka rage musu tsawon tsere zuwa ƙafa 1,000, wato mita 305, don su samu wurin tsayawa.

MAI TSOHUWAR MOTA A YAU

Wanda ya mallaki ɗaya daga cikin waɗannan motoci a yau, kuma yana son yin tsere da ita, tambaya biyu ke gabansa kafin ya taɓa sifana: daƙiƙa nawa yake nema, kuma wane mai zai sha? Man gidan mai na yau ba ya jure matsi ninki 12.5, wanda ya nace fistin zai huje. Kan silinda na alminiyam yana saurin zubar da zafi, don haka yana ba da damar ɗan ƙara matsi. Idan kuma tsohon kai za a bari, akan sa wa bawul mazauni mai tauri, tunda babu dalmar da ke kare shi. Ana iya ƙara girman inji da karanshaf mai dogon zango, 426 ya koma 472, a sabon bulok mai faɗin silinda ma ya kai 528.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen kaya ɗaya-ɗaya don sunansu. Ƙaton kamshaf ba ya ba da ƙarfi sai inji ya hau sama sosai. Idan giya da haƙoran aksil na baya ba su dace da shi ba, motar za ta tashi a mace, wadda ba a taɓa ba ta wuce ta. Iskar naitiros da ake fesa wa inji, wadda jiragen yaƙin Jamus suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, tana ƙara doki 100 ko fiye da danna maɓalli ɗaya, amma idan famfo bai kawo isasshen fetur ba, nan take fistin ke narkewa. Duk ƙarfin da aka ƙara a sama sai ya gangara ya nemi wuri mafi rauni: yau kwanrod, gobe kuloci, jibi farfela ko aksil. Fizgar tashi kan kwashe baƙin mai zuwa bayan kaskon da ke ƙasan inji, ta bar famfo yana shaƙar iska, shi ya sa ake sa kasko mai zurfi da shinge a ciki. Jikin motar ma yakan murɗe, sai an haɗa gabanta da bayanta da ƙarfe ta ƙasa.

Dokokin NHRA a kan irin wannan darasi aka gina su. Tsohuwar motar da ta sauko ƙasa da daƙiƙa 14, sai direba ya sa hular kwano. Ƙasa da 11.5, sai an kafa ƙarfen kariya a bayan kujera. Ƙasa da 10, sai cikakken kejin ƙarfe da lasisin tsere. Ƙarfen kariya da keji kuwa suna nufin huda da walda a jikin mota.

A nan ne maganar ta dawo kan gwanjon Seattle. Motar da injinta na asali ke cikinta ta fi 'yar uwarta da aka sauya wa inji daraja nesa ba kusa ba. Kwanrod ɗaya ya ɓalle ya fasa bulok mai ɗauke da lambar mota, to an rasa abin da kuɗi ba ya dawo da shi, garin neman gira an rasa ido. Don haka da yawa sukan cire injin asali, su shafe shi da mai, su ajiye a gefen gareji, su ɗaura wani daban don tsere. Kamfanin ma ya gane wannan kasuwa. Tun shekarun 1990 sashensa na kayan gyara, Mopar, ya dawo da sayar da sabbin bulok na Hemi, a 2018 kuma ya fitar da wani sabon inji mai girman 426 da doki 1,000, ya sa masa suna Hellephant don tunawa da giwar 1964.

Akwai kuma masu ganin ajiyar nan ba ta dace da motar ba. Hujjarsu ita ce motar da aka doddoke da guduma, aka miƙa ta babu fenti babu garanti, ba a ƙera ta don a riƙa goge ta da tsumma a ɗaki ba. Maganarsu ba ta rasa gaskiya. Da a ce masu sayen farko duk sun lallaɓa motocinsu, da babu wanda zai san abin da Hemi ke iya yi, da kuma babu mai biyan dala miliyan 3.5 a kan wadda ta saura. Injunan da suka tarwatse a filin tsere su ne suka saya wa waɗanda suka tsira daraja.